Lungun Da Ake Kashe Inji

"Auta, fito ki ga aikin saurayinki!"

Muryar Gwaggo ce. Na yar da tsintsiyar da nake share ɗakin baƙi, na fito ko takalmi babu. Tana tsaye a tsakar gida jiƙe sharkaf har ƙugu, rungume da ragar kamun kifinta. Ta zube ta a gabana. An tsinka ta gida uku, zaren ya cukurkuɗe kamar an tauna.

"Wata biyu ina saƙa ta," ta ce. "Farfelar inji ce ta yi wannan. Kuma jiya jirgi ɗaya ne ya shiga lungun da baƙi."

Jirginsa.



Garinmu ƙabila uku ne, yare uku, kogi ɗaya. Shekara biyu ke nan da muka gaji da baƙin babban otal da ke leƙo mu ta gilashin mota, muka ce duk mai son ganinmu ya zo ya kwana a gidajenmu. Yau gidan masunta, gobe na masaƙa, jibi na manoma. Ni ke riƙe da jerin gidajen, ni ce kuma tafinta. Dokokinmu ba yawa: ba a ɗaukar hoton mutum ko muryarsa sai ya yarda, ba a yar da leda, kuma idan an iso lungun tsuntsaye, inda mata ke kafa raga, a kashe inji a tura jirgi da gora.

Ni na kawo Ɗan Ƙetare cikin aikin. Haka ake kiransa, don daga wancan gefen kogi yake. Ni na tsaya masa a gaban kwamiti, kuma tun ranar Abba ya gane ba iya tuƙinsa kaɗai nake yabo ba.

Abba ya fito daga ɗaki, ya dubi ragar, ya dube ni.

"Za a zauna da hantsi. Idan ta tabbata shi ne, ba shi ba jirgin baƙi. Ba shi ba ke."

"Abba..."

"Na gama magana."

A bakin ruwa na sami Ɗan Ƙetare yana kwashe ruwa daga jirgi da ƙwarya. Yana hango ni ya yi murmushin nan nasa.

"Sarauniyar jeri. Yau wa za mu ɗauka?"

"Ka kashe inji jiya?"

Murmushin ya ɗauke.

"Ke ma, hasken idona?"

"Tambaya na yi."

Ya buɗe mini tafukansa biyu, duk kantar tura gora, wata ma ta fashe.

"Bayan na fita lungun na jiyo ƙarar jirgin otal daga nesa," ya ce a hankali. "Amma idan na faɗa, wa zai yarda? Za a ce kishi ne. Kowa ya san Manaja ake ajiye wa ke."

Manaja ɗan Kawuna ne, shi ke kula da jiragen otal. Tun ina makaranta yake cewa ni tasa ce, kamar wata kujerar ofis.

Na so in ce na yarda da kai, masoyi. Wallahi na so. Amma ragar Gwaggo na tsaye a idona, sai na juya na tafi.

Rumfar taro ta cika maƙil. Manaja ya riga kowa zuwa, ƙamshin turarensa har titi, ya ajiye sabuwar raga cikin leda a gaban Gwaggo.

"Ki share hawayenki, Gwaggo. Ni dai tun farko na faɗa, wanda ba nan aka haife shi ba, ina zai san zafin kayanmu?"

Mutanen ƙetare suka fara gunaguni daga baya. Masaƙa suka ce a cire sunan gidajensu idan rigima za a yi. Ina ji ina gani, abin da muka gina shekara biyu yana tsagewa, kuma ni ce ke fassara tsagewar zuwa yare uku.

Sai Kaka ta ɗaga hannu.

Baƙuwa ce, tsohuwar malamar makaranta daga wata ƙasa mai sanyi. Kwananta tara a garinmu, ba ta ɗaukar hoto, kukan tsuntsaye kawai take naɗa.

"'Yata, faɗa musu," ta ce mini da yarenta. "Jiya da Ɗan Ƙetare ya kai ni, na ɗaure rikodata a reshe cikin lungun, sai yau da safe wata mai raga ta ɗauko mini. Na saurara. Amma akwai muryoyin mutane a ciki, kuma dokarku ta ce sai sun yarda. Duk wanda ya bi lungun jiya, ina neman izininsa."

Na fassara.

"Na yarda," in ji Ɗan Ƙetare.

Manaja ya kwashe da dariya.

"A kunna mana, Kaka. Yau balbela ce za ta ba da shaida?"

Ta danna.

Shiru. Sai ɗigar ruwa daga gora. Tsul... tsul. Tsuntsaye na ta hirarsu ba mai tsoro. Can sai muryar Kaka tana tambaya, da muryarsa yana amsawa da guntun yaren baƙi da na koya masa.

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Me suka ce?" in ji Abba.

"Abba, ba wani abu ba ne..."

"Ba ke ce tafinta ba? Fassara."

Na sauke mayafin.

"Ta ce, me ya sa yake wahala da gora alhali ga inji. Shi kuma ya ce... ya ce ragar surukarsa ce a nan. Sai dai ita ba ta san surukarsa ce ba tukuna."

Rumfa ta ɗauki dariya har da masu tafi. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Ka ji mini ɗan banzan yaro."

Kaka ta matsar da naɗin gaba. Sai ƙarar inji biyu ta fasa rumfar, tsuntsaye suka watse da kururuwa. A cikin ƙarar, muryar Manaja ta fito tar, ba ta bukatar tafinta.

"Taka kawai. Idan ta tsinke, ai ɗan ƙetare za a ce."



Kawu ya sunkuyar da kai. Manaja ya laluba aljihu kamar mai neman makulli, ya fara ja da baya.

"Dawo ka ɗauki ledarka," in ji Gwaggo. "Tawa nake so. Gobe da safe ka zo ka zauna a ƙofata ka ɗinke ta ƙulli-ƙulli, baƙi na wucewa suna gaishe ka."

Abba ya miƙe, ya taka har bayan rumfa inda mutanen ƙetare suke, ya kama hannun nan mai kanta da hannu biyu.

"Na zalunce ka a zuciyata, ɗana. Ka yafe mini. Ka ce wa manyanka su hayo ruwa, ina jiransu."

Ban san lokacin da na durƙusa a gaban Kaka ba, ina ta godiya da duk yaren da ya zo bakina. Ta ɗago ni tana dariya.

"Ni ce da godiya. Shekara arba'in ina surutu a aji. A jirginku na koyi yin shiru."

Da la'asar na koma bakin ruwa. Yana zaune a kan jirgi yana shafa wa hannunsa mai.

"Ka yafe mini. Na yi shakkarka."

"Na awa nawa?"

"Uku."

"To, bashin murmushi uku. Fara biya, amaryata."

Na fara ke nan, sai wata farar mota ta gangaro har bakin yashi, inda ko keke ba a kawowa. Wani dogon mutum ya fito da takalmi mai sheƙi, naɗaɗɗiyar taswira a hammatarsa, mutum biyu na bin sa da sandunan awo.

Bai yi sallama ba.

"Ku ne masu kai baƙi lungun tsuntsaye?" Ya warware taswirar a kan jirginmu, ya ɗora yatsa a kan wani jan layi. "Madalla. Ku kai ni yanzu. Nan kamfaninmu zai kafa tashar jiragensa."

Ɗan Ƙetare ya dube ni. Ya ajiye kwalbar man a hankali, ya miƙe tsaye.