Mai Gadin da Ya Hana Alhaji

Ranar da Nazifi ya fara ganin Kausar, kogin Kwara ya cika ya yi baƙi, tsuntsaye ma sun ƙi sauka bakinsa. Ta kawo wa mahaifinta, Alhaji Hashimu, abincin rana a buronsa, wato ofishinsa na fiton kaya, kusa da gadar Malanville, ta tarar da baƙon saurayi gaban ordinater, wato kwamfuta.

"Sannu, malam. Da aljanun ciki kake magana?"

"Mai gadi nake ɗaukar musu," in ji Nazifi. Ya ɗago kai, sai ya manta inda ya tsaya.

Lojisiyal ɗin buron, wato manhajar da ke cikin na'urar, yana ajiye kowane aiki a akwatinsa, kwantena ake ce masa: na takardun duwan, wato kwastan, daban, na bin sawun motoci daban. Sai dai duk wanda ya san kod ɗin Alhaji, lambar sirrinsa, yana iya goge kowanne, kuma kunya ba ta barin Alhaji ya hana ɗan'uwa kod. Nazifi ya ƙara wani ɗan abu, pulogin, mai tare kowane umarni ya tambayi wane ne mai shi. Gogewa kuwa, ko Alhaji bai isa ba.

Kafin ruwa ya janye, soyayya ta kama su. "Kausar tawa," ya rubuta mata, "ko na'ura ta tambaye ni sunana, naki ke fara zuwa bakina."

"Mai gadina, ka rage daɗin baki, ka turo manya."

Amma akwai Yasir, ɗan wan Alhaji, wanda ya daɗe da sa rai da ita. Ya soma zuwa da wasu mutane marasa gaisuwa. Wata mota suke so ta wuce, a goge sawunta.

Gaban Yasir, Alhaji ya kira Nazifi. "Yaro, ka cire abin nan da ke hana ni a burona. In ba haka ba, kada in sake ganin takalminka a ƙofar gidana."

Da la'asar saƙon Kausar ya iso: "Baba bai taɓa abinci ba. Tsoron mutanen Yasir yake ji, ba fushi da kai ba. Kada ka cire, ko da za a raba mu."

"Ban cire ba, hasken idona. Yi mana addu'a."

Washegari mutanen suka zo, suka tsaya bayan kujerar Alhaji. Ya buga kod da yatsa ɗaya. Allon ya ce ba a yarda ba. Ya sake. Yasir ya karɓa ya gwada, haka nan.

"Kun dai gani da idonku," in ji Alhaji a hankali. "Ni ban hana ku ba."

Babbansu ya daɗe yana kallon Nazifi, sannan suka fita. Sai da ƙarar motarsu ta ɓace Alhaji ya share gumi.

"Ka saɓa min, ɗana."

"Na saɓa, Baba. A gafarce ni."

"Ce wa manyanka su zo."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura auren Nazifi da Kausar. Yasir bai zo ba. Wata baƙar mota irin ta mutanen nan ta tsaya can nesa har aka shafa fatiha, ba wanda ya fito daga cikinta. Alhaji ya juya mata baya, ya riƙe hannun ango.

"Allah Ya tsare min ku, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi.