Bokitin Ruwa a Ranar Litinin ɗin Ista

"Wannan ke ce?"

Madam Orsolya, shugabar makarantar renon yara da nake neman aiki a garin Pécs, ta juyo da kwamfutarta ta fuskance ni.

Ni ce mana!

Ni ce jiƙe sharkaf, gashi ya manne a fuska, ina bin wani namiji da tsintsiya ina surfa masa zagi. A ƙasa an rubuta cikakken sunana: Tünde Bakos.

"Ranki ya daɗe, Litinin ɗin Ista ce... a ƙauyenmu..."

"Na sani. Amma iyayen yara ma suna binciken suna a waya. Zuwa Juma'a za ki ji ni."

Wata bakwai ina yawon neman aiki! Na fito, na kira saurayina Botond tun kafin in kai tashar bas.

"Ka kashe ni!"

"Zuciyata, me ya faru?"

"Kada ka ƙara ce min zuciyata! A Litinin ɗin Ista kowane saurayi ɗan turare yake fesa wa budurwarsa, kai sai da ka ɗebo ruwan rijiya cike da bokiti!"

"Ai haka kakanninmu suke yi..."

"To kakanninka su ba ni aiki!"

Ya ce ba shi ya ɗora bidiyon ba. Wata mai suna Kinga ce, wadda tun muna sakandare take lanƙwasa murya idan ta gan shi. Ta yanke inda na fashe da dariya, ta bar duka da zagi kawai. Na roƙe ta ta goge, ta turo min alamar murmushi.

A gida Mama ta samu abin da take nema.

"Ban faɗa miki ba? Makaniken da bai san komai ba sai wasa! Gara da ba ki ba shi jan ƙwan ba."

Gaskiya ban ba shi ba. Al'ada ce wanda ya jiƙa ki ki miƙa masa dafaffen ƙwai da kika rina ja, idan kina sonsa. Ni haushin ruwan sanyi ya sa na wurga nawa cikin firij.

Talata, Laraba... na kasa zama wuri ɗaya. In buga sunana, in ga tsintsiya, in kashe waya, in sake kunnawa. Botond bai kira ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai. Ina sonsa, abin haushin ke nan.

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta fara tsuwa babu ƙaƙƙautawa.

Hotuna ne ake ta ɗorawa a intanet, kowanne ɗauke da sunana.

Matar mai gidan burodi a jiƙe, tana ɗaga ludayi. Malamar da ta koyar da ni lissafi tana bin mijinta da takalmi. Tsofaffin hotuna marasa launi, 'yan mata cikin zanen bikin ƙauye suna ihu a bakin rijiya. Ashe gida-gida Botond ya bi yana roƙon mata su buɗe akwatunansu.

Na arba'in da uku ya sa na miƙe tsaye.

"Mama! Ke ce nan da muciya a kan Baba?"

Ta kawar da kai. "Makaniken naki ya tsaya awa biyu a ƙofa, ya zan yi da shi?"

Juma'a da safe Madam Orsolya ta kira.

"Na sake binciken sunanki. Sai da na wuce mata arba'in kafin na same ki." Na ji tana danne dariya. "Ki zo Litinin. Ki bar tsintsiyar a gida."

Ban ko saka takalmin kirki ba na ruga garejin su Botond. Ya fito daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har goshi, idanunsa duk tsoro.

"Sun ɗauke ki?"

Na miƙa masa ƙwan.

Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Tünde... sati biyu fa ke nan."

"Ci za ka yi ko in kai wa wani?"

A gabana ya ɓare shi ya cinye, hawaye na zubo masa. Har yau yana rantsuwa na farin ciki ne.