Ƙarfen da Mati Ya Rage

Ranar Laraba ce, ana zafi. Wani tsoho mai awon gishiri ya kira 'ya'yansa, Mati da ƙanensa Ilu. Ya ce wanda ya amsa tambayarsa da la'asar shi zai gaji sikeli.

Ya ɗora ƙarafan awo. Mulmulalle ɗaya ya yi daidai da masu kusurwa uku guda biyu. Mai kusurwa huɗu ya yi daidai da mulmulallu biyu.

Ya ce, "Masu kusurwa uku nawa ne nauyin mai kusurwa huɗu?"

Mati ya san amsa, amma ya ga Ilu yana murmushi. Kullum Ilu ake yabo, kullum Ilu. Da tsoho ya kishingiɗa, Mati ya sa magagari ya rage gefen ɗaya daga masu kusurwa uku, don Ilu ya kunyata.

Da la'asar Mati ya ce, "Baba, bari gwani ya fara."

Tsoho ya ce, "A gidan nan babba ke farawa."

Mati ya ɗora masu kusurwa uku guda huɗu a gefe ɗaya, mai kusurwa huɗu a ɗaya gefen. Sikeli ya karkace. Tsoho ya jujjuya ƙarafan, ya ga gefen ɗaya yana ƙyalli.

"Lissafinka daidai ne, Mati. Ilu, ɗauki sikeli."

Washegari da safe Mati ya ɗauki ƙarfen ya nufi maƙera don a gyara shi.