Ganye Ɗaya na Zaƙami

A wani zamani can baya, fuka ta kama 'yar wani manomi, numfashi sai da ƙyar. Wata tsohuwa mai magani ta kai shi kurmi, ta nuna masa zaƙami. Ya ja da baya, don ya taɓa ganin wanda tsiron nan ya haukata.

"Tsinko ganye ɗaya," in ji tsohuwa.

"Iya, ciwon ya tsananta. In ƙara biyu?"

"Ɗaya. Biyun na maƙabarta ne."

Ta juya ta kama hanya. Ya daɗe yana kallon ganyayen, sannan ya tsinko ɗaya.

A gida tsohuwa ta turara wa yarinyar hayaƙinsa kaɗan. Manomi ya durƙusa yana sauraron ƙirjinta, har ƙarar ta lafa. Sai yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Baba, da sauran fura?"