Jinin Duna

"Iklima, dube ni nan! Ke ka ba karen ga abinci kullum. Kahin yaron ga shi soka mashi allura, kin ga wani ciwo gare shi?"

Muryar Baba ce.

Duna na kwance a gindin rumbun albasa, ƙafafunsa sun sandare, ƙudaje sun fara taruwa. Maƙwabta sun cika ƙofar gidanmu a Aliero. Habibullahi na tsaye a tsakiyarsu riƙe da jakarsa, bai kalli kowa ba sai ni.

Na sunkuyar da kai.

Duna ba karen banza ba ne a gidanmu. Yayana Lauwali ne ya ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo don gadin albasa. Da motar albasa ta kife da Yaya a hanyar Jega, aka kawo mana gawarsa, karen nan kwana uku ya yi bai ci komai ba. Tun daga lokacin Baba, mutumin da ko inuwar kare ba ya so, ya koma zama kusa da shi kowace la'asar. Ba ya taɓa shi, amma yana yi masa hira. Duk gidan mun san da wa yake hirar.

Shi kuwa Habibullahi ɗan Maiyama ne, ma'aikacin lafiyar dabbobi. Shekara shida da yanke mana jiha daga Sakkwato ya fara yawo a babur, gari gari, yana neman karnuka. Ya cire kaska ya sa a kwalba, ya ɗebi jini kaɗan ya ɗiga a kan wata farar takarda. Mutane suka sa masa suna likitan karnuka, suna dariya. Ni ma na yi dariyar, har ranar da ya tsaya a ƙofarmu.

"Mi za ka yi da jinin kare, don Allah?" na tambaye shi.

"Kaska tana zuba ƙwayoyin cuta cikin jini, kuma ba iri guda ba na. Malamina na da na'ura can nesa, tana karanta asalin ƙwayar, ta hwaɗi ko wace iri ta. In mun san su, mun san maganinsu."

"Duk don kare?"

Ya yi murmushi. "Shi ma rai gare shi, ranki shi daɗe."

A nan na faɗa kogin sonsa, kuma ban sake tashi ba.

Wata takwas yana zuwa zance. Sanyin idona yake kirana, ni kuma in ce Habibina, in rufe fuska da mayafi. Baba ya fara sakin jiki da shi, duk da gunagunin dangi cewa mai shafa karnuka ba zai shigo zuri'armu ba. Babban mai hura wutar shi ne Kamaluddeen, ɗan ƙanin Baba, dillalin albasa a kasuwar Jega. Sau biyu yana aiko mini da turare ina mayar masa.

Sai Duna ya kwanta ciwo.

Ni na fara gani. Kaska ta cika kunnuwansa, ya daina cin tuwo, fitsarinsa ya koma ja. Na ɓoye wa Baba don kada hankalinsa ya tashi. Habibullahi ya tafi aiki ƙauyukan Alelu, babu hanyar aika masa. Da na ga abin yana gaba, sai wautata ta ba ni shawara: maganin feshin da ke kashe tsutsar albasa ai ba zai bar kaska ba. Na faki idon mutane da hantsi, na dama shi da kauri a bokiti, na wanke kare tas.

Kaska ta zube kam. Amma kafin azahar Duna ya fara dalalar da miyau yana makyarkyata.

Da yamma Habibullahi ya iso. Ya durƙusa gaban karen, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya shinshina gashinsa. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ɗebi jini, ya yi masa allura, ya ce zai dawo da safe.

Da safen ne muka tarar da gawa.

"Baba, mi za a tsaya tambaya?" Kamaluddeen ya kutsa gaba yana tattare babbar riga. "Lahiya lau karen ga shike jiya. Ga idona anka zuƙe mashi jini! Wa as san inda aka kai jinin ga? Tsahi na, wallahi! Yau kare, gobe ɗiyan mutane!"

Jama'a suka ɗauki salati.

"Yi mani shiru, ɗiyata nika tambaya," in ji Baba. "Iklima?"

Na dubi idon Baba, sun yi ja kamar ranar da aka kawo Yaya. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Yaya zan ce masa da hannuna na kashe abin da ya rage masa na Lauwali?

"Ban... ban ga komi ba, Baba."

"Lahiya lau shike?"

"Lahiya lau..."

Habibullahi ya runtse ido. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ga bokitin can a bayan rumbu ko ɗauraye shi ban yi ba. Na jira ya faɗa. Wallahi har addu'a na yi ya faɗa.

"Baba, ka yi haƙuri," kawai ya ce.

"Tahi. Kak ka koma taka ƙohwag gidana."

Ya ɗaure jakarsa a babur. Wani ya jefe shi da ruɓaɓɓiyar albasa, ta fashe a bayan rigarsa. Bai waiwayo ba.

Kafin sati labari ya zaga Jega da Maiyama. Duk gidan da ya tsaya sai a kore shi, har makiyayan da yake yi wa shanu allura suka guje shi. Ni kuwa ina ɗaki ina rama. Sau uku ina fara rubuta masa wasiƙa ina yagawa. Kullum in ce gobe zan gaya wa Baba, goben ta zo in ga ya zauna shi kaɗai a gindin rumbu, sai bakina ya mutu. Kamaluddeen ya sake aiko da turare, na watsa shi a kwata.

Wata bakwai cif, sai wani direban Maiyama ya kawo mini ambulan.

Rubutunsa ne. Na yi maza na buɗe.

"Iklima, sakamakon jinin Duna ya iso. An samu ƙwayoyin cutar kaska iri biyu a jikinsa, sun riga sun cinye jininsa. Na ji warin maganin feshi tun kafin in durƙusa, na kuma san dalilin da ya sa kika yi. Maganin ya gaggauta, amma ko ba shi da wuya Duna ya ƙara kwana uku. Na rubuto ne don ki sauke wannan kaya daga ranki. Allah ya sa ki yafe wa kanki."

Babu sanyin idona. Ko sau ɗaya.

Na fita tsakar gida babu ko takalmi, na zube gaban Baba.

"Baba, ni ta! Ni na wanke Duna da maganin heshi. Kwana shidda shina ciwo ina ɓoye ma. Habibullahi ya sani, yar ruhe mani asiri!"

Na karanta masa wasiƙar ina shessheƙa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

"Ɗauko mayahinki."

"Ina za mu, Baba?"

"Maiyama. Na ci mutuncin ɗan mutane gaban jama'a, da ƙahwata zan tai in roƙe shi."

A mota zuciyata sai tsalle take. Na shirya kalmomi sun fi ɗari. Na ce zan durƙusa masa, zai ɗago ni, zai yi murmushin nan nasa.

Da muka isa gidansu, sai na ga sabon shafe a bangon ɗaki ɗaya, da sabon labule. Wasu takalman mata masu ƙyalli na ajiye a bakin ƙofa.

Ya fito zaure ya rame, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Baba ya riƙe hannunsa biyu.

"Ɗana, na zalunce ka. Ka yahe mani don Allah."

"Baba, ban riƙe ka ba ko kwana guda."

Baba ya koma waje ya ba mu wuri. Na ɗago da ƙyar.

"Habibina..."

"Kak ki kira ni hakanan, Iklima." A hankali ya faɗa, babu faɗa a ciki. "Juma'ar da ta wuce anka ɗaura mani aure da Sakina, ɗiyak kawuna. Lokacin da gari duk ka guduna, ita ka kawo mani abinci."

Na dube shi.

"Don mi ba ka hwaɗi ba ranan nan? Don mi ba ka tona ni ba?"

"In tona ki gaban maza? Ba ni iyawa. Na ce ki huce, ki gaya ma Baba cikin ɗaki. Wata ukku kullum ina zuwa tasha in tambayi direbobin Aliero ko an ba su saƙona."

"Na rubuta... na yaga..."

"Ni dai ban ga komi ba."

Kalmomina ne na ranar nan. Bai ma lura ya maimaita su ba, amma ni sun shige ni har ƙashi.

Daga cikin gida wata murya ta ce, "Malam, ga ruwan baƙi." Ya amsa mata da taushin da na sani. Ban iya shan ruwan ba.

A hanyar dawowa, gonakin albasa kore shar hagu da dama, masu feshi na ta aiki, warin na shigowa ta taga. Sai da muka hango Aliero Baba ya yi gyaran murya, idonsa na kan titi.

"Iklima."

"Na'am, Baba."

"Da kin hwaɗa mani gaskiya ran nan, hushin kwana biyu zan yi da ke. Kwana biyu kaɗai, ɗiyata."

Na cusa fuskata cikin mayafi, na yi kukan da har yau ban gama ba.