Farin Tayil Mai Santsi

"Jidda! Jidda, fito ki ga abin arziki!"

Maijidda na gaban murhu tana tuƙa tuwon masara ta ji muryar mijinta tun daga zaure. Awaisu ya shigo tsakar gida yana tura babur, da kwali ɗaure a baya. Ko sallama bai ƙarasa ba ya kwance igiyar, ya zaro wani abu mai faɗi ya ɗaga shi sama. Farin tayil ne sol, yana ƙyalli kamar madubi, da zanen furanni ruwan gwal a gefe.

"Samfur ne na karɓo daga Funtuwa," ya ce yana murmushi. "Bango fari, ƙasa fari. Ranar Asabar Malam Shitu mai tayil zai fara fasa tsohon daɓen banɗaki. Ya kika gani?"

Ta goge hannu da zani ta shafa tayil ɗin. Santsi kamar an zuba masa man gyaɗa!

"Yana da kyau, Yaya... amma ni dai ba na son shi."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. "Ba kya son shi? Ba ke ce kullum kike nuna mini irinsa a waya ba?"

"Na canza shawara ne."

"Saboda me?"

Ta sunkuyar da kai ta koma kan tukunya. Tuwon har ya fara kamawa.

Shekararsu biyu da aure. Maijidda 'yar Malumfashi ce, kuma mahaifiyarta Hajiya Ladidi ba ta taɓa son auren ba. Ta ce 'yarta mai karatu ba za ta ƙare a gidan manomin tumatir a Danja ba, sai da kawunnai suka sa baki ta haƙura. Gidan na gado ne, su biyu sai mahaifiyar Awaisu, Inna Tasalla, kuma banɗaki ɗaya suke shiga. Da Sallah ƙarama yayar Maijidda, Yasmin, ta zo daga Funtuwa, ta leƙa banɗakin ta toshe hanci.

"Ni in shiga nan? Allah ya kiyaye! Gara in riƙe har gida."

Awaisu na ɗaki ya ji. Maganar ta zauna masa a ƙirji duk damina. Ana gama girbin masara ya ce gyaran banɗaki ne farko.

Abin da bai sani ba, wata uku da suka wuce Maijidda ta shiga ɗakin Inna da rana tsaka ta same ta tana laluben carbinta, alhali ga shi a kan tabarma gabanta. Ta tsaya tana kallo har tsohuwar ta ji numfashinta.

"Wane ne nan?"

"Ni ce, Inna. Inna... ba kya gani ne?"

Tsohuwar ta kamo hannunta ta zaunar da ita. "Yana ce ta rufe mini ido, ɗiyata. Abu mai duhu ina ganin inuwarsa, amma fari duk ɗaya yake mini, kamar an watsa mini nono a fuska. Ki rantse ba za ki gaya wa Awaisu ba."

"Haba Inna! Ai ana yin aiki a warke."

"Haka aka ce wa yayata. Wani mai magani ya soka mata allura a ido, ta mutu ba ta ƙara ganin rana ba. In Awaisu ya ji, zai gaya wa wansa Haladu, su kwashe ni su kai Kano su ajiye a bene kamar kaya. A ɗakin nan marigayi mahaifinsu ya bar ni, a nan nake so a ɗauki gawata. Ki rantse!"

Tsohuwar na kuka. Maijidda ta rantse. Tun ranar ita ce idon Inna. Ita ke kawar da turmi daga hanya, ita ke ajiye buta wuri ɗaya kullum, ita ke cewa da ƙarfi, "Inna, ga Malam Lawal maƙwabci ya shigo gaishe ki," don kada ta kira shi da sunan wani. Tsohon daɓen simintin kuwa Inna ta san kowane kaushi nasa da tafin ƙafarta. In aka shimfiɗa farin tayil mai santsi, ruwan sabulu ya zuba a kai, me zai faru?

Washegari, Awaisu na fita gona ta shiga wurin Inna ta durƙusa.

"Don girman Allah ki sake ni daga rantsuwar nan. Ki bari in gaya masa."

"A'a."

"Inna, faɗuwa za ki yi!"

"To ki hana shi sawa. Ke ce matarsa, yana jin maganarki."

"Da wace hujja zan hana shi?"

Inna ta juya fuska ga bango. Maijidda ta fito hawaye na zuba. Ta dubi tsakar gidan, katanga ta ko'ina, ta ji kamar an rufe ta a rumbu an liƙe baki.

Ranar Alhamis suka tafi shagon tayil a Funtuwa. Awaisu ya riga ya tura wa Yasmin hoton samfurin, don haka suka same ta tana jiransu, da tabarau a goshi.

"Wallahi angon namu ka burge ni!" ta ce. "Wannan dizayin shi ake yayi. Ranar da aka gama sai na zo na yi hoto a ciki."

Maijidda ta wuce farare masu ƙyalli, ta je can lungun shago ta tsuguna. Ta ɗauko wani mai ruwan ƙasa, mai kaushi kamar dutsen niƙa. Ta roƙi mai shago ruwan leda ta zuba a kai, ta murza da tafin hannu. Bai zame ba.

"Wannan nake so a ƙasa. A bango a sa mai ruwan madara marar ƙyalli, sannan a ja layin kore mai duhu daidai ƙugu, daga ƙofa har famfo. A kafa ƙarfen riƙewa kusa da wurin tsuguno."

Yasmin ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Layin kore? Ƙarfe? Ke banɗaki za ki yi ko asibitin gwamnati? Wallahi ƙauye ya gama da ke, Jidda!"

Mutanen shagon suka juyo. Awaisu ya matso kusa da matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Don ke na yi wannan, Jidda. Damina guda ina cikin taɓo ina tunanin ranar da zan fitar da ke kunya. Yau kuma a gaban yayarki za ki nuna ban isa in yi miki abu mai kyau ba?"

"Ba haka ba ne, Yaya..."

"To yaya ne? Faɗa mini!"

Ta kau da kai. Ya jira, ya jira, sannan ya juya wurin mai shago ya ce a loda farin.

Suka koma Danja. Kwana biyu Awaisu na cin abinci a tsaye, ya fita. In ta yi masa sannu sai ya ce "yawwa" bai dube ta ba. Kwalayen farin tayil na jibge a gindin darbejiyar tsakar gida, Malam Shitu kuwa ya fasa daɓe ya fara gyaran ƙasa. Duk bugun gudumarsa a ƙirjin Maijidda yake sauka. Ta yi tunanin karya rantsuwar ta yi kaffara, sai ta tuna kukan tsohuwar. Ta yi tunanin yin shiru, sai ta hango Inna kwance a jiƙaƙƙen tayil da karyayyen ƙugu. Ko'ina ta juya wuta ce.

Ranar Litinin da hantsi, ranar da za a fara shimfiɗa tayil, ta fito ta tsaya a ƙofar banɗakin ta buɗe hannuwa.

"Malam Shitu, ka yi haƙuri, ba za a sa wannan ba."

Malam Shitu ya ajiye cokalin siminti ya dubi Awaisu. Kafin kowa ya yi magana sai ga sallama. Hajiya Ladidi ce da Yasmin, ko zama ba su yi ba.

"Abin da aka gaya mini gaskiya ne ke nan!" in ji Hajiya. "Yarinyar da ko a gidana sai ta zaɓi kalar labule, yau ita ke gudun abu mai kyau? Wannan ba yin kanta ba ne. Akwai mai juya ta a gidan nan, kuma mun san ko wace ce!"

"Umma, don Allah kada ki ɗauki alhakin Inna!"

"Rufe mini baki! Ɗauko mayafinki mu tafi. Sai an yi miki addu'a hankalinki ya dawo."

Awaisu ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ɗago ya dubi matarsa. Idonsa ya yi ja.

"Jidda, an fara zagin mahaifiyata a kan abin da ban san kansa ba. Ki faɗi dalilinki yanzu a gaban kowa. In ba za ki faɗa ba, to ki bi Umma, har ranar da kika ga na isa ki gaya mini."

Maijidda ta dubi mijinta, ta dubi mahaifiyarta, ta dubi labulen ɗakin Inna. Ba motsi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Ta zo wucewa ta tsaya ƙofar tsohuwar, cikin kuka ta ce, "Inna, na tafi. Butarki na hannun dama, kusa da randa. Akwai kwalaye a gindin darbejiya, ki bi ta jikin bango."

Ta kai bakin zaure ke nan aka ɗaga labule.

"Dawo, Maijidda!"

Inna Tasalla ta fito tana dafa bango. Ta tsaya tsakiyar rana, fuskarta na kallon inda babu kowa.

"Awaisu, ɗaga yatsunka ka tambaye ni nawa ne."

"Inna, me ya..."

"Ɗaga, na ce!"

Ya ɗaga uku a gabanta. Hawaye suka bi kumatunta.

"Ko hannun ban gani ba, ɗana. Rabona da ganin fuskarka tun kafin shuka. Yarinyar nan kaɗai ta sani, ni na sa ta rantse. Ita ce sandata wata uku. Ta roƙe ni in sake ta, na ƙi, don tsoron kaina. Ina daga ciki ina jin ana kiranta mahaukaciya, za a kashe mata aure, amma ko a bakin ƙofa butata take tunawa. Hajiya, ki yafe mini, ni na cuci ɗiyarki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Awaisu ya zube a ƙasa ya kama ƙafafun mahaifiyarsa. Yasmin ta cire tabarau ta rasa inda za ta sa ido. Hajiya Ladidi ta taka da kanta ta kama hannun Inna ta zaunar da ita a tabarma.

"Ni ce mai neman gafara, Yaya Tasalla. Na zo da zargi a bakina." Ta juya ga 'yarta. "Ashe tarbiyyar da nake tsoron ta zube, ita ce ta fi ƙarfina."

Awaisu ya tashi ya je inda Maijidda ke tsaye da mayafi a hannu. "Layin koren nan... don ta riƙa ganin hanya ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Kaicona! Ki yafe mini, Jidda. Da na kyautata miki zato ko na yini ɗaya..."

"Ya wuce, Yaya. Ni ma da na san hanyar da zan bi ban ɓata maka ba, da na bi."

Malam Shitu ya yi gyaran murya. "To Alhaji, a mayar da farin ke nan? Ni dama tun farko na so in ce wannan na bango ne, ba na ƙasa ba, na ga ranka a ɓace na ja bakina."

Aka mayar da shi a ranar. Yasmin ce ma ta raka kwalayen har shago, ta dawo da mai kaushin da koren. Kwana biyar aka gama aiki. Inna ta shiga ita kaɗai, yatsunta na bin layin kore daga ƙofa har famfo, ta fito tana sa albarka.

Haladu ya zo daga Kano, ya yi rantsuwa a gabanta cewa ba mai raba ta da ɗakinta. Hajiya Ladidi kuwa ta kawo mata wata ƙawarta da aka yi wa aikin yanar ido ta warke, suka wuni suna hira, har tsoron Inna ya ragu. Bayan wata biyu aka yi mata aiki a asibitin ido a Kaduna. Idon hagu ya riga ya lalace, amma na dama ya buɗe. Da aka cire bandeji likita ya tambaye ta wa take son fara gani.

"Ku matso mini da ɗiyata," ta ce. Ta riƙe fuskar Maijidda da hannu biyu ta daɗe tana kallo. "Kin rame, 'yar nan. Ni na ramar da ke. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini."

Shekara na zagayowa Maijidda ta haifi 'ya mace, Awaisu ya sa mata Nana Khadija, sunan Inna na yanka. Hajiya Ladidi ce ta zo zaman jego, ta yi kwana arba'in a Danja, gidan da ta taɓa rantsewa ba za ta kwana a ciki ba.

To 'yan'uwa, mai riƙon amana yakan sha wuya, amma Allah ba ya barin shi ya kunyata. Miji ya kyautata wa matarsa zato kafin ya yanke hukunci, iyaye su bincika kafin su raba 'ya da ɗakinta, manya kuma su ji tausayin yara, kada su ɗora musu sirrin da zai karya su. Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.