Dawakan Rohan Sun Koma Rum

Takardar jerin rundunar gasa tana hannun Tamsin. Sau uku ta karanta ta a tsaye a ƙofar kulob ɗinsu na wasan yaƙi, sanyin garin Ballarat yana ratsa rigarta, amma shekarar da aka rubuta ta ƙi canjawa.

202.

Philippa, sakatariyar kulob mai duba jerin rundunar kowa kafin gasa, ta karkatar da kai kamar mai jin tausayi.

"Ayya ƙawata... na zaci kin sani. Jiya Rohan ya kawo min da hannunsa."

Gasar hunturu ta 'yan bibbiyu ce. Mutum biyu ke haɗa runduna ɗaya ta 'yan sojojin dalma, kowane soja da makinsa, kada ta wuce maki ɗari huɗu, kuma dole a rubuta shekarar da ta yi yaƙi a tarihi. Wata biyu Tamsin da saurayinta Rohan suka yi suna gina rundunar daular Kartaj ta shekarar 216 kafin haihuwar Annabi Isa, ita da 'yan mashinta, shi da mahayansa na Numidiya. A 202 kuwa, ko sabon shiga ya san yawancin mahayan nan sun juya wa Kartaj baya, sun bi Rum.

Mutum ɗaya ce mai Rumawa a kulob ɗin. Philippa, ga ta nan tsaye tana gyara gashi.

Wani zai ce a kan 'yan tsana ne za a yi kuka? To, kuka ta yi, tun daga kulob har gida, tana tuƙi tana share hanci da hannun riga. Saboda Rohan ta bar mahaifinta bana, bayan shekara goma sha ɗaya suna gasar tare. Tsohon, Mervyn Pascoe, bai taɓa ƙaunar yaron ba. Cewa yake da na'urar lissafi yake gina runduna, ba ruwansa da tarihi, ga fentin dawakansa kamar na katanga. In Rohan ya shigo ta ƙofar gaba, shi ta baya yake fita.

Kiran Rohan ya shigo sau bakwai. A na takwas ta toshe lambarsa. Da ya zo gida, Mervyn ya leƙa ta taga ya ja labule.

Kwana uku ta kasa zama wuri ɗaya. Ta haɗa shayi ta manta shi ya huce, ta fita tsakar gida ta dawo, ta rubuta jeri ta yage. Ta cire 'yan majajjawa. Ta cire masu takobi. Duk makin da ya rage ta zuba shi a kan 'yan mashi da giwayen mahaifinta, don a dokar wasan doki ba ya tsayawa gaban giwa.

Mervyn ya sa tabarau ya duba jerin, ya ce wannan runduna ba wanda za ta iya ci sai mai dawakai.

"Ai shi nake nema, Baba."

Daɗi ya ji, har da 'yar waƙa yana kakkaɓe giwayensa.

Ranar Asabar zauren ya cika da ƙamshin soyayyar albasa da nama. Al'adar kulob ce a zagayen farko a haɗa waɗanda suka yi gaba a tarihi, saboda haka ba wanda ya yi mamaki da aka kira Kartaj da Rum a tebur na huɗu.

Rohan ya rame, ko aski bai yi ba. Tamsin ta yi sauri ta kawar da kai ta shiga jera 'yan mashinta.

"Tam, masoyiyata..."

"Ka auna tafiyarka, malam. Lokaci yana tafiya."

Ya ja tef ya auna, ya tura dawakansa kai tsaye cikin 'yan mashinta. Ko yaro ba zai yi haka ba. Philippa ta yi tsaki ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau, bai ko dube ta ba. Idonsa na kan Mervyn, da ke zaune gefen 'yarsa.

Daga nan Rohan ya fara magana a hankali, ƙwayar ludo tana gangarawa, sojojinsa suna zubewa. Ya ce tun kafin gasar sau biyar ya je gidan don ganin mahaifinta, ba a buɗe masa ba. Ya rubuta wasiƙa an dawo masa da ita a rufe. Sai ya tuna abin da kowa ya sani, cewa shekara talatin Mista Pascoe bai taɓa tashi daga kan tebur ba sai wasa ya ƙare. Hanya ɗaya ce ta samun awa uku fuska da fuska da shi: ya zama abokin gabarsa a tarihi.

Tef ɗin Tamsin ya suɓuce ya faɗi kan wata giwa.

Ya ce bai gaya mata ba ne don ya san za ta hana shi. Amma ya ba Philippa saƙo, ta gaya mata kada ta damu, ta koma wurin Baba kawai, za ta gane dalili.

Duka suka juya. Philippa ta duƙa tana gyara wani soja da ba abin da ya same shi, kunnuwanta sun yi ja.

"Yallaɓai," Rohan ya ce, "auren Tamsin nake nema."

Mervyn ya dafa gefen kujera kamar zai miƙe, ya dubi filin, ya ga wasan bai ƙare ba. Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon dawakan nan da aka kwashe gefe.

"Ka san za ta cinye ka ƙurmus, ka zo duk da haka?"

"Na sani."

"Wawa ne kai... amma ba matsoraci ba." Ya cire tabarau ya goge. "Ni ba ni da ta cewa. Ga mai giwaye nan, kuma jifanta ne."

Haushi da daɗi suka taru mata. Kwana uku ba barci, saboda wannan sakaran ya kasa buɗe baki. Amma ita ma wa ya sa ta toshe lambarsa?

Janar ɗinsa kaɗai ya rage, a kan farin doki, gaban giwarta. Ta ɗauki ƙwayar ludo ta jefa.

Shida. Janar ya faɗi.

A ƙa'ida duk sojan da ya faɗi, mai shi ake miƙa wa. Rohan ya buɗe tafin hannunsa yana jira. Ta ɗaga janar ɗin ta dube shi, fentin duk ya zarce har kan sirdi. Sai ta buɗe akwatinta, ta kwantar da shi a tsakanin 'yan mashinta, ta rufe.

"Wannan ba zai ƙara zuwa ko'ina ba," ta ce, hawaye suna sauka. Ta sa hannunta a cikin nasa da ke buɗe har yanzu. "Kai ma haka... na yarda."